Ƙofar Gefe ta Silimar Gamzaki

A farkon shekarar 1993 Datti ya sayi Silimar Gamzaki, ya ce a ciki zai zauna da iyalinsa. Duk wanda ya ji maganar a Kawo sai ya sake tambaya, ko dai bai ji daidai ba.

Datti mai sayar da kayan keke ne a babbar kasuwa, mutum marar yawan magana, shekarunsa arba'in da 'yan kai. Ba wurin gini ya rasa ba. Yana da fili a Malali, har an zuba masa yashi. Ya sayar da filin ya nufi magadan mai silimar, su kuwa kamar jira suke yi, don shekara tara ke nan ginin yana rufe, ba wanda ya zo da gaske.

Kowa ya san dalili. Silimar ba ta da rufi, kamar yawancin silimomin wancan lokacin. Doguwar katanga ce ta kewaye fili, da farin bango a gaba inda ake haska fim, da bencinan siminti jere, da ɗakin inji a sama ta baya. A daminar 1981, ana tsakiyar kallo, hadari ya taso, wata wayar lantarki ta yi tartsatsi, wani ya ce wuta. Jama'a suka yi kan ƙofar gefe, wadda ƙa'ida ce a zare mata sakata da zarar an fara fim. Suka tarar da ita ɗaure da sarƙa da kwaɗo. Mutane da yawa sun ji rauni. Mutum ɗaya ne ya mutu, shi ne Yakubu, ƙanen Datti, ɗan shekara goma sha tara mai koyon gyaran rediyo. Kotu ta ɗora laifin a kan Sambo mai gadi, ta ɗaure shi shekara uku.

Silimar ta ci gaba da rarrafe na ɗan lokaci, sannan aka fara cewa ana jin bugun ƙofar gefe daga ciki alhali ba kowa. Wasu suka ce sun ga saurayi mai farar riga zaune a bencin gaba. 'Yan kallo suka ragu, bidiyo ta shigo gari, aka rufe wurin. Maganar kuwa ba ta rufu ba. Yara suka riƙa gudu in sun zo wucewa, masu talla suka canza hanya.

Wadda abin ya fi ci ita ce Inna Uwani, mahaifiyar su Datti. Wata rana a gidan suna wata mata da ba ta san ta ba ta ce a gabanta, ai yaron nan na silima har yau bai kwanta ba. Tun daga ranar Inna ta daina zuwa biki da suna.

"A tsakar gidan nan aka yi masa wanka," ta kan ce wa Datti. "Aka yi masa salla, aka kai shi makwancinsa. Don me za su hana ɗana hutawa a bakinsu?"

Saboda wannan ne Datti ya sayi wurin. Ya ce in aka ga matarsa tana shanya a ciki, yaransa suna fitowa makaranta da safe, mutane za su gaji su yi shiru. Matarsa Sa'adiya ta yi kwana biyu tana juya maganar, a na uku ta ce in dai za a haƙa mata rijiya, ta yarda.

Wanda ya fi kowa ƙin sayen shi ne Ja'afaru. Tare suka taso da Datti tun firamare, kuma mai silimar kawunsa ne, don haka yana saurayi ya yi aikin yage tikiti a wurin. Ranar da abin ya faru an ce yana Zariya gidan biki. Da gari ya waye ya dawo, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya yi kwana bakwai a gidan su Datti yana karɓar gaisuwa kamar ɗan gida. Bayan shekara biyu ya auri Hauwa, ƙanwar Datti. Yanzu akawu ne a wani ofishin gwamnati, kuma duk Juma'a sai ya kawo wa Inna goro da sabulu.

"Kana da fili mai kyau ka rabu da shi," Ja'afaru ya ce. "Me za ka yi da kangon nan? Tono wa Inna ciwo kawai za ka yi."

"Ciwon bai taɓa rufewa ba balle a tono shi."

"To ka rushe komai, ka yi sabon gini."

"Katangar nan ta fi duk wadda zan iya ginawa yau ƙarfi."

Da ya ga ba zai juya shi ba, Ja'afaru ya sauya. Ya zama kullum in ya tashi daga ofis sai ya biyo ta wurin aikin, ya tuɓe babbar riga ya kama. Datti ya ji daɗin haka ƙwarai.

Leburorin Kawo sun ƙi aikin, sai Malam Muhammadu magini ya ɗebo nasa daga Rigasa. Sati biyu suka yi suna fasa bencinan siminti da guduma. Ɗakin inji cike yake da jemagu da kashinsu, sai da aka turara barkono kwana uku kafin a iya shiga. A ciki suka sami faya-fayan fim da suka narke suka manne da juna, da tsofaffin hotunan talla da gara ta ci rabinsu. Datti ya sa aka ƙone su. Ya tsara cewa ɗakin sayar da tikiti zai zama zaure, ɗakin inji ya zama nasa, a jera ɗakuna huɗu a jikin farin bangon nan, na Inna ya fuskanci gabas. Ƙofar gefe tana nan da tsatsarta, an daɗe da cire sarƙar. Ja'afaru ya ce a toshe ta da bulo tun yanzu, kada Inna ta zo ta gan ta. Datti ya ce a bari sai an gama shigo da yashi, don ta nan ya fi sauƙi.

Matsala ɗaya ce ta tsaya musu. An gina filin da gangare, ya tafi zuwa gindin farin bango, don na baya su hango fim. Malam Muhammadu ya ce dole akwai magudanar ruwa a binne, in ba haka ba da silimar ta riƙa zama tafki duk damina. Sun tona wuri uku ba su same ta ba.

"Akwai wanda ya san ta," ya ce wa Datti. "Tsohon mai gadin. Yana nan Rigasa, bayan layinmu, yana sayar da itace."

Datti ya ɗaure fuska. "Ba zai taka gidana ba."

"Malam Muhammadu, ka bar maganar nan," Ja'afaru ya ce, ya ajiye shebur ɗin da ke hannunsa. "Mutumin da ya kashe yaron gidan za ka kawo? Ai gara a yi sabuwar magudana."

Magini ya koma kan aikinsa. Sai ga ruwan farko ya sauka da wuri, cikin watan Afrilu, ya cika ramin harsashin ɗakuna huɗun, ya jiƙa buhunan siminti goma sha ɗaya. Kashegari da hantsi Datti ya zo daga kasuwa ya tarar da wani tsoho tsaye a tsakiyar fili, ya dogara da sanda, Malam Muhammadu yana gefensa. Sambo ya rame, gemunsa ya yi fari, ido ɗaya ya yi yana.

"Ni na ɗauko shi," magini ya ce. "In za ka yi faɗa, da ni za ka yi. Ba zan zuba aikina a ruwa ba."

Datti bai amsa sallamar tsohon ba. Sambo bai damu ba, ya taka a hankali ya nufi ƙofar gefe, ya ƙirga taku huɗu daga gindinta, ya caka sanda.

"Ku tona nan. Akwai murfin ƙarfe."

Ba a yi tonon kamu biyu ba shebur ya daki ƙarfe. Da aka ɗaga murfin aka zare tarkace, ruwan ya fara zurarewa da ƙara. Datti ya sa hannu a aljihu, ya miƙa wa magini abin da za a ba tsohon, ya juya zai tafi.

"Alhaji, ka riƙe abinka," Sambo ya ce. "Ba shi ya kawo ni ba. Shekarar da na fito na zo rumfarka a kasuwa, ka ɗauko famfon keke ka bi ni da shi. Ka tuna?"

"Na tuna."

"Magana na zo faɗa maka ranar. Yanzu na tsufa, ban san ko zan sake ganinka ba. In ka ji, ka yi yadda ka ga dama da ita."

Datti ya tsaya, bai juyo ba.

"Ban taɓa riƙe mabuɗin ƙofar nan ba. Ni ƙofar gaba nake tsaro. Wannan tana hannun mai yage tikiti. Yara suna satar shiga ta nan, abin yana ba shi haushi, sai ya sayo sarƙa da kwaɗo. Ranar ya ɗaure ta, ya jefa mabuɗi a aljihu, wani abokinsa ya zo da Vespa suka tafi wurin wata yarinya a Unguwar Kanawa. Na ce masa ya bar mini mabuɗin, ya ce yanzu zai dawo. Lokacin da ya dawo an riga an fitar da ƙanenka."

"Ja'afaru yana Zariya ranar."

"Kawunsa ne ya sa direba ya kai shi Zariya bayan an gama komai. Ni kuma ya kira ni ɗakin inji, ya ce yaro ne, yana da jarrabawar shiga aikin gwamnati a gabansa, ni kuwa ba abin da zan rasa. Ya ce in ɗauki laifin, ɗaurin wata uku ne kawai, zai kula da iyalina. Na amsa. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Na yi shekara uku. Kafin in fito uwar 'ya'yana ta tafi, kawun nasa ma ya rasu."

Leburori sun daina aiki, suna sauraro. Datti ya ce ƙarya ne.

"Ka tambaye shi," Sambo ya ce. "Kada ka yi masa tsawa. Ka dai tambaye shi sunan wanda ya yi aure a Zariya ranar."

Datti bai koma kasuwa ba. Ya hau ɗakin inji ya zauna a kan bulo har azahar. Yana ta neman inda maganar tsohon za ta karye, bai samu ba. Ya tuna bai taɓa jin sunan angon nan na Zariya ba. Ya tuna yadda Ja'afaru ya ajiye shebur ranar da aka ambaci Sambo. Ja'afaru bai biyo ta wurin aiki ranar ba, wataƙila labarin zuwan tsohon ya riga ya kai masa.

Bayan la'asar Datti ya hau babur ya tafi Malali. Ya tarar da Ja'afaru zaune a baranda da rediyo a gefensa, ba a kunne ba. Suka gaisa. Datti ya ƙi zama.

"Bikin wa ka je a Zariya ranar da Yakubu ya rasu?"

Ja'afaru ya dubi ƙasa. "Shekara goma sha biyu fa, Datti."

"Na sani. Bikin wa?"

Wata mai tallan gyaɗa ta leƙo ta yi sallama, ba wanda ya amsa, ta wuce.

"Minti talatin na ce zan yi," Ja'afaru ya ce. "Wallahi minti talatin. Ruwa ne ya tare mu a hanya. Ban san Yakubu yana ciki ba."

"In wani ne a ciki fa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Ka ɗauki makararsa. Ka zauna kusa da ni kwana bakwai ina zagin Sambo, kana ba ni haƙuri."

"Sau nawa na zo zan faɗa maka. In na ga fuskar Inna sai in kasa. Na ce bari in zama mata Yakubu, in yi mata duk abin da zai yi mata. Ka faɗa mini abu ɗaya da na gaza a kai."

"Wa ya fara cewa ana buga ƙofar?"

Ja'afaru ya ɗago da sauri. Datti ma bai san tambayar tana bakinsa ba sai da ta fito. Ya tuna wata rana a teburin mai shayi na bakin tasha, shekarar da aka yi shari'a, Ja'afaru yana gaya wa wasu direbobi cewa shi ya bar aikin silima ne don abin da yake ji a ƙofar gefe. Da ya hango Datti sai ya yi shiru.

"Na ji ne," Ja'afaru ya ce. "Ko ina ina jin ta. Sau ɗaya na faɗa, mutane suka ɗauka suka ƙara nasu."

"Ka kuma bar su. Duk Juma'a kana zaune gaban Inna tana kuka a kan maganar da ta fito daga bakinka."

Labulen ƙofa ya motsa, Hauwa ta fito. Ba ta tambayi abin da ake yi ba. Ta durƙusa a gefen baranda ta ce, "Yaya, don Allah ka zauna." Datti ya dube ta, yana jiran ta tambaya. Ta ƙi haɗa ido da shi.

"Kin sani," ya ce.

Ta fara hawaye.

"Tun yaushe?"

"Tun ina goyon Amina. Ya yi zazzaɓi mai zafi, ya yi ta sambatu. Da ya warke na tsare shi, ya faɗa mini."

Amina, 'yarsu ta fari, tana aji uku a firamare a lokacin. Datti ya lissafa shekarun a ransa.

"Ciki ɗaya kuka fito da Yakubu, Hauwa. Shi ya riƙa goya ki zuwa makarantar allo."

"Me kake so in yi, Yaya? Da jaririya a bayana. In zo in ce wa Inna mijina ne? In kashe ta? Kai kuma na san ka, da ka ji a lokacin da yanzu kana kurkuku."

"Tsohon da ya yi kurkukun fa?"

Ja'afaru ya tashi ya kama hannun rigar Datti, ya ce ya yi masa duk abin da ya ga dama, amma ya rufa masa asiri a wurin Inna da yara. Datti ya zare hannunsa. Ya lura ko yanzu abin da Ja'afaru yake roƙo ke nan, a rufa. Ya hau babur ya tafi.

Sa'adiya kaɗai ya gaya wa. Ta ce, yanzu sai a fasa gidan? Ya ce a'a. Kashegari ya koma wurin aiki, ya sa aka cire ƙofar ƙarfen aka sayar wa 'yan gwangwan, aka faɗaɗa wurin aka sa ƙofar katako. Ja'afaru bai sake zuwa ba. Da Inna ta tambaya, Datti ya ce aiki ne ya yi masa yawa a ofis.

Ranar Lahadi ya sa Malam Muhammadu ya raka shi Rigasa. Sambo yana zaune gaban tarin itacensa a bakin wani lungu mai kwata. Datti ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙasa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba sai iyayensa.

"Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Kai ba ka sani ba ne. Na yafe." Sambo ya gyara zama. "Amma ina da roƙo. Ina da 'ya'ya uku. Sun girma ana ce musu 'ya'yan wanda ya kulle mutane. Babban ya nemi aure an hana shi. Ni in na faɗa, cewa suke uba ne yake wanke kansa. Kai ne wan mamacin. In kai ka faɗa, za a yarda."

Datti ya san abin da wannan yake nufi. Rigasa da Kawo ba su da nisan da magana za ta kasa ƙetarawa. Ya ce a ba shi kwana biyu. A hanya ya yi ta tunanin Inna, da hawan jininta, da yadda take sa wa Ja'afaru albarka. Ya ga ashe wurin da Hauwa ta tsaya shekara da shekaru ke nan, shi ma ga shi a tsaye a wurin, abin ya ƙara ba shi haushi. Ranar Juma'a ya koma Rigasa. Bayan an sauko daga masallaci, a gaban limamin unguwa da dattawa da 'ya'yan Sambo, ya ce shi ne wan yaron da ya mutu a Silimar Gamzaki, kuma ya tabbatar ba Sambo ne ya kulle ƙofar ba. Aka tambaye shi wane ne. Ya ce wanda ya yi yana raye, ya kuma amsa da bakinsa. Bai faɗi suna ba. Leburorin da suka ji komai ranar magudana suna cikin taron.

Inna dai bai iya gaya mata ba. Kullum sai ya ce gobe.

Sun tare a watan Satumba. Rijiyar Sa'adiya ta ba da ruwa a gaba shida, an shafe farin bangon da shuɗi, an dasa lemo biyu a inda bencinan tsakiya suke. Datti ya kira malamai aka yi saukar Alƙur'ani, aka raba waina. Maƙwabta suka shigo, wasu don addu'a, wasu don su ga ciki. Inna ta zauna a ƙofar ɗakinta tana amsa barka, ta sa sabon zane. Ja'afaru ya zo ya tsaya cikin jama'a a zaure, ya tafi kafin a shafa fatiha. A satin farko yara suna tsayawa daga nesa suna leƙe. Kafin wata ya cika har suna shigowa roƙon ruwa.

Wata biyu da tarewa, Datti ya dawo daga kasuwa da yamma ya tarar Inna ba ta ci abincin rana ba. Sa'adiya ta ce wata tsohuwa mai sayar da daddawa daga Rigasa ta daɗe a ɗakinta. Ya yi sallama ya shiga. Tana zaune a kan darduma, carbi a cinyarta.

"Zauna," ta ce. "Gaskiya ne?"

Bai tambaye ta mene ne ba. "Gaskiya ne, Inna."

"Hauwa ta sani?"

"Ta sani."

"Kai fa, tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

Inna ta daɗe tana jan carbin. Ba ta yi kuka ba.

"Ka je ka faɗa wa mutanen Rigasa a ƙofar masallaci," ta ce. "Ni da na haife shi, sai a bakin mai daddawa."

"Tsoron lafiyarki na ji."

"Kowa tsoron lafiyata yake ji. Shekara goma sha biyu ina cin goron mutumin nan. Shekara goma sha biyu ina kai ƙarar wani bawan Allah wurin Ubangiji a sujada, bai yi mini komai ba. Wannan wa zai ɗauke mini?"

Datti ya sunkuyar da kai. Ta ce gobe ya nemo mota ya kai ta Rigasa wurin Sambo. Ta yi shekaru ba ta je ko'ina ba sai asibiti, amma ta je. Ba ta bari Datti ya shiga tare da ita ba, ya jira a mota kusan awa guda. Da ta fito idanunta sun kumbura, ba ta faɗi abin da suka tattauna ba, shi ma bai tambaya ba.

Juma'ar da ta biyo Ja'afaru ya zo da goro da sabulu kamar kullum. Inna ta sa aka saki labule, ta amsa gaisuwarsa daga ciki, ta ce ya koma da kayansa, ya kuma riƙe mata 'ya da amana tunda akwai zuri'a a tsakani. Ta ce ba ta tsine masa ba, amma kada ya sake zuwa. Hauwa ta yi sati uku tana zuwa tana zama a ƙofar ɗakin kafin Inna ta yi mata magana. Shi kansa Datti ya fi wata yana shiga gaisuwa tana amsa masa da kalma ɗaya.

Kafin shekara ta zagayo Ja'afaru ya sayar da gidansa na Malali, suka koma Katabu. Inna ta yi shekara huɗu a sabon gidan, ta rasu a ɗakinta. Hauwa takan zo da yara lokacin salla, Datti yakan amsa gaisuwarta, ya tambayi karatun yaran, ya hau sama.

A ƙarshen 1999 aka sa ranar auren Amina. Hauwa ta zo da kanta, ta ce yarinyar ta ce in kawunta bai zo ba, ba ta san abin da za ta gaya wa dangin miji ba. Datti ya saya mata gado da keken ɗinki. Ranar ɗaurin aure ya je Katabu da farar shadda, ya zauna a tabarmar gaba inda aka nuna masa. Ja'afaru yana ɗaya gefen limamin, ya yi furfura. Da aka shafa, jama'a suka tashi gaisawa, ya ratso ya miƙo hannu. Datti ya karɓa, saboda idon mutane da kuma yarinyar.

"An kawo abinci ciki," Ja'afaru ya ce a hankali. "Ko loma ɗaya ce."

"Allah ya ba su zaman lafiya," Datti ya ce.

Ya nemo takalmansa a cikin tarin da ke bakin tabarma, ya fita titi ya tsayar da motar Kawo.